Motar da ta ƙi tashi: laifin batir ne ko na altaneta?

Baffana yana da wata Corolla 'yar Kwatano da yake zuwa kasuwa da ita. A hunturun da ya wuce, cikin wata biyu, batir biyu ya saya mata. Ranar da na biyun ma ya mutu masa a gefen titin Zoo Road, dab da magariba, ya kira ni ransa a ɓace. Ya ce, “Ɗana, babu sauran batirin kirki a garin nan, duk jabu ne.” Na ce, “Baffa, kafin a saka maka sabon, akwai wanda ya auna altaneta?” Ya yi shiru, sannan ya ce shi dai mota ta ƙi tashi, an ce masa batir ne, ya biya.

Abin ya tsaya mini a rai, domin kuɗin batir a yau ba kuɗin da magidanci zai fitar sau biyu ba tare da ya taɓa cefanen gida ba ne. Kuma ba Baffa kaɗai ke faɗawa wannan rami ba. Duk motar da ta ƙi tashi a Kano, batir ake fara zargi, saboda shi ido ke gani da an ɗaga bonet, shi ne kuma mai sauƙin cirewa a saka wani. Sau da yawa an bar jaki ne ana dukan taiki.

Hanya mafi sauƙi da na samu ta bayyana wa Baffa lamarin ita ce randar gidansa. Batir randa ce, ajiya kawai yake yi. Altaneta ita ce mai ga-ruwan da ke cika randar, kuma ba ta aiki sai injin yana juyawa, domin bel ne ke ɗauko juyin injin ya kai mata. Idan ka wayi gari ka tarar babu ruwan alwala, ba lallai ne randar ce ta tsage ba. Mai yiwuwa mai ga-ruwa ne bai zo ba, ko yana zuwa da rabin jarka. Mai yiwuwa wani ne ke kwasa cikin dare. Mai yiwuwa ma ruwan yana nan cike, moɗar ce ta huje. Wanda ya je ya sayo sabuwar randa alhali mai ga-ruwa ne ya daina zuwa, zai sha ruwan da ya taho da shi a ciki na ɗan lokaci, sannan ya koma gidan jiya. Abin da ya sami Baffa ke nan. Sabon batir yana zuwa da cajinsa, motar ta yi ta cinsa a hankali, har ranar da ya ƙare a kan hanya.

Kafin a kai ga mita, kunne da ido suna ba da labari mai yawa, in an natsu an saurara. Ka murɗa makulli ka ji injin yana juyawa da ƙarfinsa kamar kullum amma bai kama ba? To ka ƙyale batir da altaneta, ba su da hannu. Wannan maganar mai ce ko ta tartsatsi: famfon mai, fulogi, kwayil, ko makullin da ƙwaƙwalwar motar, wato kwamfutarta, ba ta gane ba. Mutane kan yi ta murɗawa har su tsotse lafiyayyen batir, daga nan matsala ɗaya ta zama biyu. Idan kuwa juyin na ciwo ne, injin na nishi kamar ana jansa dole, ko ka ji ƙat-ƙat-ƙat da sauri fitilun dashbod suna kyaftawa, wutar da ke isa ga kik, wato na'urar da ke juya inji don ya tashi, ita ce ba ta isa ba. Idan ƙat ɗaya tak ka ji, fitilu kuma suna nan tar ba su rage ba, hankali ya fi karkata ga kik ɗin kansa ko wayoyinsa. Idan babu komai, ko fitila ɗaya ba ta kawo ba, fara da kawunan batir da babban fis. Mai mota otomatik kuma ya duba giya, domin in ba a P ko N take ba, an ƙera ta ne kada ta tashi.

Akwai gwajin da ba ya bukatar komai sai mutum biyu. Ka kunna manyan fitilun gaba, wani ya tsaya yana kallo, kai kuma ka murɗa. In sun dushe sosai har kamar za su mutu, wuta ce ta yi ƙaranci ko hanyarta ta toshe. In ko gezau ba su yi ba kuma kik bai motsa ba, wutar tana nan, saƙon ne bai kai ga kik ba.

Maganar toshewar hanya ta cancanci a tsaya a kanta, domin ita ce mafi arhar gyara kuma ita aka fi tsallakewa. Kik na motar fetur yana zuƙar wuta fiye da amfiya 100 a cikin 'yan daƙiƙun da yake juya inji. Rediyo da fitilar cikin mota kuwa ɗan kaɗan suke ci. Shi ya sa kan batir da ya yi sako-sako, ko wanda farin gari ko koren tsatsa ya lulluɓe, zai iya kunna rediyo lafiya lau amma ya gaza ɗaukar nauyin kik. Sai mai mota ya ce ai akwai wuta tunda rediyo na magana, ko kuma ya ce batir ya mutu tunda kik bai juya ba, kuma duka biyun kuskure ne. Kowa a garin nan ya taɓa ganin direban da ya ɗauki dutse yana bubbuga kan batir, ko ya cusa ƙusa a tsakanin kan da maɗaurinsa. Motar takan tashi, kuma tashin nata shaida ce cewa batirin lafiyarsa ƙalau. Sai dai dukan yana sassauta gindin kan, asid ya riƙa tsattsafowa, tsatsar ta ƙaru. Abin da ya dace shi ne a kwance, a fara da baƙin kai mai alamar ɗebewa, a wanke da ruwan ɗumi da bekin soda, a kankare har ƙarfen ya yi haske, a ɗaure tamau, baƙin kuma shi ne na ƙarshen mayarwa. Kada a manta da ɗaya bakin baƙar wayar, inda aka ɗaure ta a jikin mota da jikin inji. Motocin da aka taɓa sauke musu inji ko aka yi musu fenti sukan dawo da wannan wayar a sake, su yi ta wahalar da mai su watanni.

Yanzu mita. Ƙaramar mitar awon wuta, irin wadda masu gyaran rediyo da masu haɗa sola ke amfani da ita, ana samunta a Sabon Gari, kuɗinta kuma bai kama ƙafar kuɗin batir ba. Ina ganin duk mai mota ya kamata ya ajiye ɗaya, domin lambobin da za a karanta ba su da yawa.

Batirin mota ɗakuna shida ne a jere, kowanne da faifan dalma jiƙe cikin ruwan asid, kowanne yana ba da kimanin bolt 2.1. Fasahar tsohuwa ce, wani Bafaranshe Gaston Planté ya ƙirƙiro ta a 1859, kuma har yau tushenta bai canja ba. Don haka batirin da ake kira mai bolt 12, idan ya cika ya huta, 12.6 zai nuna. Idan ya nuna 12.4, ya rage kamar kashi 75 cikin ɗari. A 12.2 rabi ne. A 12.0 saura kwata. Nan ne mutane ke ruɗewa, su ga 12 cif su ce ai lafiya, alhali randar ta kusa kai ƙasa. Idan kuwa ka ga wajen 10.5 kuma caji bai ɗaga shi ba, ɗaki guda ne ya mutu, wannan batirin ya gama aiki. A kula, batirin da aka kashe masa inji yanzun nan yakan nuna lamba sama da gaskiyarsa. A bar shi ya huta, ko a kunna fitilun gaba na minti ɗaya a kashe, sannan a auna.

Amma awon hutu bai isa shaida ba. Batirin da ya tsufa yana iya nuna 12.6 ya kuma zube da zarar an ɗora masa kaya, ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Saboda haka a bar mitar a jiki, wani ya murɗa makulli, kai kana kallo. Lambar za ta sauka, dole ne, amma bai kamata ta yi ƙasa da 9.6 ba. Batirin da aka yi wa cikakken caji, kawunansa tsaf, amma ya faɗo 7 ko 8 lokacin murɗawa, shi ne za a iya cewa da gaba gaɗi a canja.

Awo na uku shi ne wanda ba a yi wa Baffa ba. Injin na aiki, mita a kan batir, ya kamata a ga tsakanin 13.8 da 14.5 ko kusa da haka. Wato altaneta tana turo wuta da ƙarfin da ya fi na batirin, shi ya sa take iya shiga cikinsa. Sai a kunna fitilu, da esi, da fanka, a ɗan taka totur. In lambar ta tsaya sama da 13, mai ga-ruwa yana aikinsa. In tana 12 da 'yan kai tana kuma gangarowa, motar batir take ci tana tafiya. In ta haura 15, cajin ya wuce kima, kuma wannan ma kisa ne: ruwan batir zai tafasa, cikinsa ya kumbura, ka ji wari irin na ruɓaɓɓen ƙwai, ƙwayayen fitila su yi ta ƙonewa. Wasu motocin baya-bayan nan, irin wasu Honda, da gangan suke rage caji idan batir ya cika don tsimin mai, sai ka ga 12 da wani abu injin na aiki. Kunna fitilu zai raba gardama, domin lafiyayyar altaneta nan take za ta ɗaga.

Jan hoton batir da ke dashbod ma ana yi masa gurguwar fahimta. Ba cewa yake batir ya lalace ba, cewa yake ba a caji. Ya kamata ya kawo idan an buɗe makulli, ya ɗauke da injin ya tashi. In ya kawo kana tafiya, ka kashe esi da rediyo ka nufi gareji mafi kusa. In kuma ya zo tare da nauyin sitiyari da allurar zafi tana hawa, bel ne ya tsinke, kuma a motoci da dama bel ɗin nan guda shi ke juya famfon ruwan sanyaya inji. Nan babu maganar lallaɓawa, a tsaya a kashe. Akwai kuma akasin haka: a tsofaffin motoci da yawa, ta wannan 'yar fitilar ce altaneta ke samun wutar farko da take fara aiki da ita, don haka ƙwan da ya ƙone kawai yana iya hana caji.

Ga wani abu da nake so in yi magana a kansa da babbar murya. Har yanzu a garejin bakin titi za ka ga an tada mota, sai yaron shago ya zare kan batir, wai in ta mutu altaneta ce, in ta ci gaba lafiya. Haka kuma in an ari batir aka tada mota, sai a zare shi injin na aiki a mayar da nata. Wannan dabara ta zamanin Fijo 504 ce, wadda aka riƙa haɗawa a Kaduna, motar kafireta da ba ta da kayan lantarki masu laushi. Motar yau tana da ƙwaƙwalwa, wadda makanikai ke kira birenbos, da na'urori birjik. Batir shi ne ke shanye tsallen wutar da altaneta ke yi. Da an zare shi, wutar na iya zabura sama a ƙiftawar ido, ta ƙona ƙwaƙwalwar ko kayan cikin altanetar da ake cewa ana gwadawa. Gwajin ma ba ya faɗin gaskiya, domin raunanniyar altaneta tana iya riƙe inji shi kaɗai amma ta kasa cika batir. Gyaran gangar Auzinawa ke nan. In ka ga hannu ya nufi kan batir injin na ruri, ka ce, “Malam, don Allah dakata, a kawo mita.” Ɗan rewaya, wato mai gyaran wutar mota, da ya san aikinsa ba zai ji haushi ba, kuma akwai su da yawa a Kano, mutanen da in sun kwance altaneta sai ka tsaya kallo.

Domin altaneta ba abar jefarwa ba ce da ta yi rauni. A cikinta akwai dunƙulen da ke juyawa ya zama maganaɗisu, da naɗin jan ƙarfe da ke kewaye da shi inda wutar ke haifuwa, da wasu 'yan ƙofofi da ake kira dayod masu daidaita wutar ta bi hanya ɗaya yadda batir ke so, da abin da ke ƙayyade ƙarfinta, wanda 'yan rewaya ke ce wa katawut, sai burushi biyu na gawayi da ke gogar sandar. Burushin nan cinyewa yake da tafiya, kuma ƙurar hunturu tana taya shi. Ruwan da muke kutsawa a titunan da ke cika a watan Agusta kuma yana lalata boris, sai ka ji tana kuka. Yawancin waɗannan ana canja su ɗai-ɗai. Kafin ma a kwance, a taɓa bel: wanda ya saki ko ya yi santsi yana zamewa, ya yi ƙara da safe ko in an kunna esi, altanetar kuma ba ta samun cikakken juyi.

Saura ɓarawon dare. Batir lafiya, caji lafiya, amma in mota ta kwana biyu a ajiye sai an tura. Nan wani abu ne ke shan wuta bayan an zare makulli. Lafiyayyar mota da ta yi barci ba ta cika wuce miliamfiya 50 ba. Abubuwan da aka ƙara daga baya su ne kan gaba a zargi: na'urar bibiyar mota, amfilifaya, jiniyar ɓarayi, rediyon da aka jona kai tsaye da batir. Fitilar but da ba ta mutuwa in an rufe ma tana yi, kuma ba mai ganinta. Dayod ɗaya da ya lalace yana barin wuta ta koma cikin altaneta da dare, wato mai ga-ruwan da ya cika randa da rana shi ke kwashewa. Ana gano ɓarawon ne da mita a tsakanin baƙin kai da wayarsa, ana zare fis ɗaya bayan ɗaya har lambar ta faɗi.

Me ya sa batir ya fi mutuwa da hunturu? Mutane na cewa sanyi ne ya kashe shi, amma a Kano zafi ne ke yin kisan, sanyi tona asiri kawai yake. A watan Afrilu zafi kan kai digiri 40 har ya haura, ƙarƙashin bonet kuma ya fi haka nesa. Zafin yana ƙafar da ruwan batir, yana cinye faifan dalma. Batirin ya lallaɓa ya fita damina, sai asubar Disamba ta zo, man inji ya yi kauri, ƙarfin batir ya ragu, ya kasa. A abin da na gani, wanda ya yi shekara biyu zuwa uku a garin nan ya yi ƙoƙari. In naka mai murafu ne da ake buɗewa, a riƙa duba ruwansa, a ƙara masa tataccen ruwan batir kawai. Ba asid ba, domin ruwan ne ke ƙafewa, asid ɗin yana nan. Ba kuma ruwan rijiya ko na leda ba, saboda gishirin da ke cikinsu. Yanayin tuƙinmu ma yana da nasa kaso: gajeriyar tafiya daga gida zuwa makarantar yara, sannan tsayuwa a cunkoson Kantin Kwari ko Bata da esi a kunne, injin na juyi a hankali, altaneta ba ta samun damar biyan bashin da kik ya ci. Batirin da ya daɗe a rabin ciki kuwa, wani farin gishiri ne ke daskarewa a faifansa, ba ya ƙara ɗaukar caji kamar da. Saboda haka wanda ya mutu murus a kai shi wurin mai caji ya sha a hankali, kada a dogara da zagaye gari.

In ta kama sai an jona da wata mota, a yi da wayar jonawa mai kauri, ba da sifana biyu ba. Ja zuwa kan tarawa na matacce, ɗaya bakin zuwa kan tarawa na mai rai, baƙi zuwa kan ɗebewa na mai rai, bakin ƙarshe kuma a jikin ƙarfen injin motar da ta mutu, nesa da batir, domin batir yana fitar da iska mai kamawa da wuta. Juya kawunan ko na daƙiƙa ɗaya yana iya ƙona dayod da babban fis. Turi kuwa na mota mai kuloci ne, a giya ta biyu. Otomatik ba a tura ta.

Washegari muka kai motar Baffa wurin wani dattijon ɗan rewaya. Ya ɗora mita injin na aiki, ta nuna 12.3, ya kunna fitilu ta ƙara sauka. Ya ce, “Alhaji, batirinka ba shi da laifi, yunwa ce ke damunsa.” Ya kwance altanetar, ya nuna mana burushin da ya cinye saura ɗan guntu, ya aiki yaronsa Ƙofar Ruwa ya sayo wani, ya canja bel da ya riga ya tsattsage. Batirin ya kwana a caji. Da aka mayar, mitar ta nuna 14.1. Baffa ya tambayi ko batirin da aka cire masa wancan watan ma lafiyarsa lau ke nan. Dattijon ya ce a kawo shi a auna. Baffa ya ce ai tun ranar ya sayar wa 'yan gwangwan.